Abin da Ke Jan Motar Kawu

Bari in fara da wautar da na tafka ranar jana'izar Kawu, tunda ko ban faɗa ba mutanen Dala sun riga sun yaɗa ta. An ɗauko makara daga ƙofar gida, ina riƙe da kusurwar gaba, muna tafe kowa bakinsa na motsi. Muna kaiwa bakin lungu, daidai kangon da jar motar nan take, sai makarar ta karkata dama. Ba wanda ya yi tuntuɓe. Ja ta yi a hankali, irin jan da akuya ke yi idan ta hango ƙofar gidansu. Muka dawo da ita, ta sake ja. Ni kuwa, da furfurata da jikokina, sai na miƙa wa na bayana kusurwata, na durƙusa a tsakiyar jama'a, na leƙa ƙarƙashin makara ina neman abin da ya saki.

Liman ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, lafiya?"

Na ce, "Tana ja ne, Allah gafarta Malam."

Ya ce, "Tashi."

Na tashi. Har muka kai maƙabarta ban sake ɗaga kai ba.

A wurin zaman makoki ba a yi maganar a fili ba, amma kowace tabarma da tata fassarar. Tsofaffin makanikai da suka koyi aiki a hannun Kawu suka ce ai ɗaya daga cikin masu ɗauka gajere ne, dole nauyi ya rinjaya wajensa. 'Yan garuwa, waɗanda suka zo da yawansu suka jingine kurarsu a jikin katanga, suka ce wannan zance ne, an sha ɗaukar gawa da gajere da dogo ba ta taɓa yin haka ba, kuma makarar nan Kawu ne da kansa ya yi mata walda ya daidaita ta da zare. Mata a cikin gida suka ce sallama yake yi da motar. Liman ya ji ƙishin-ƙishin, ya ce a bar irin wannan magana, mamaci addu'a yake bukata.

Inna, matar Kawu, ba ta shiga cikin kowa ba. Da na shiga yi mata gaisuwa na tarar da ita a ƙuryar ɗaki da carbi. Na ce ya haƙuri, ta amsa. Har na yunƙura zan fita ta ce, "Wane gefe?"

Na ce, "Dama, Inna."

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da jan carbinta.

Don kada a manta da mutumin, kuma don yaran yanzu sun ɗauka tsoho ne kawai mai ajiye ruɓaɓɓiyar mota, shi ya sa na zauna nake faɗin abin da na sani. Karatuna bai kai ya kawo ba, malamin ajinmu ne ya roƙi mahaifina ya cire ni don sauran yara su samu su ji. Amma Kawu na san shi.

Ƙanin mahaifiyata ne. Kakanmu da shanu ya shigo Kano, shanun suka ƙare, 'ya'yan suka zauna. Kawu yakan ce shi bai bar kiwo ba, nasa shanun mai suke sha. Ya ce ubansu daga cikin bukka yakan ji takun garke ya ce wance tana ɗingishi, kuma a je a duba a tarar haka ne. Shi ma haka yake da mota. In an kawo masa wadda ba ta tafiya a miƙe, ba ya shiga ƙarƙashinta da farko. Sai ya cire takalmi ya ajiye a bakin gareji, ya zauna kusa da direba, ya kafa tafin ƙafa a ƙasa, ya rufe ido, ya ce, "Mu je." Bai taɓa karɓar sitiyari a wurin gwaji ba. Ya ce mai riƙe da sitiyari gyara yake yi bai sani ba, hannunsa yana rufa wa mota asiri.

In an dawo, ga yadda yake bi. Iskar taya tukuna. Sai ya musanya tayoyin gaba, na dama ya koma hagu, a sake fita. In ba su ba ne ya ɗaga motar da jak, ya rungumi taya ya girgiza. Sai ya sa mutum ya riƙa kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, shi kuwa yana kwance ya ɗora tafin hannu a kan kowace gaɓa, yana jiran wadda za ta yi masa motsi a hannu. A ƙarshe ya ɗauko zaren ɗinkin hula ya ja shi daga tayar baya zuwa ta gaba ya ga ko suna kallon wuri ɗaya. Kuma ba ya gyara abu biyu a lokaci guda, ko mai mota zai yi kuka.

"Abu ɗaya ake taɓawa," in ji shi. "In ka taɓa biyu ta warke, ba ka san wanda ya warkar da ita ba. Gobe in ta dawo, me za ka ce?"

Da wannan zaren yake daidaita wa 'yan garuwa kurarsu. In ya hango ɗaya yana turo ruwa yana kokawa da kura tana kai shi kwata, sai ya kira shi: "Kai, kawo ta nan kafin ta karya maka kafaɗa." Ya sauke jarkoki, ya kifa ta, ya gyara, ya ce a cika masa buta shi ke nan. Shi ya sa suka cika ƙofar gida ranar rasuwarsa, wasu ma ban taɓa ganinsu ba.

'Ya'yansa duk mata ne sai namiji ɗaya, na fari, taubashina. Tare muka tashi. Da yake shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bai taɓa kirana da sunana ba sai "bawana". Yadi yake sayarwa a kasuwa, Allah ya buɗa masa da wuri, ni kuwa ina jan tifar yashi ta hanyar Wudil. Wata rana sai ga shi da mota ya sayo a hannun wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, da zai koma ƙasarsu. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, hanci dogo. In ka zauna a ciki kamar a kan tabarma kake. Tsohuwa ce tun a lokacin, sitiyarinta ma a dama yake, irin na kafin a sauya hannu a titi.

Ya danna min ham a ƙofar gida ya ce, "Bawana, fito ka wanke motar ubangidanka."

Na ce, "Wannan ce motar? Na ɗauka takalmi ne wani ya manta."

Ya ce, "Shiga ka ji yadda 'ya'yan maza ke tafiya."

Na ce, "In na shiga wa zai fito da ni? Sai an kira masu haƙar rijiya."

Tana da gudu, amma tana da ciwo ɗaya. A titi miƙaƙƙe ba ta tsayawa wuri guda, sai ta riƙa yawo, kaɗan nan kaɗan can, kamar mai neman abin da ya yar. Ya kai wa ubansa. Kawu ya cire takalmi, suka fita, suka dawo. Ya bi ta yadda ya saba har ya kama ciwon a tayarod, sandunan nan da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba. Kawunansu sun ci, suna rawa. Ya sa sababbi da hannunsa, ya ja zare, suka sake fita. Ina zaune a gareji suka dawo, na ji ya ce masa, "Ta miƙe. Je ka."

Ba a rufa mako ba taubashina ya kama hanyar Katsina da hantsi. Rana tas, titi a bushe, ba mota gabansa ba mota bayansa. Bayan an wuce Dawanau da ɗan tafiya akwai wata darbejiya a hannun dama. Da tsamiya ce da an huta, kowa ya san abin da zai ce. Darbejiya ce kawai irin wadda ake dasawa a bakin titi. Manoman da ke wurin sun ce ba su ji fashewar taya ba, ba su ji ƙarar birki ba. Motar ta bar titi ne a hankali ta nufi bishiyar kamar an kira ta. Fitila ɗaya ta fashe, gefen gaba ya lotsa. Shi kuwa ba jini ko ɗigo, sai shatin sitiyari a ƙirjinsa.

A zaman makokinsa wani dattijo maƙwabci, ba da mugun nufi ba, ya juya ya tambayi na kusa da shi, "Ba kwanan nan aka taɓa sitiyarin ba?" A hankali ya faɗa. Kawu yana can gefe yana amsa gaisuwa, na ga hannunsa ya tsaya a sama, sannan ya ƙarasa shafa addu'a.

Kowa ya san abin da ake yi da motar da ta ci rai. Ba a barinta a gida. Ko a sauya mata fenti a kai ta wani gari mai nisa a sayar, ko a kai ta Ƙofar Ruwa a yanka a sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Dangi suka zo da wannan maganar, har an samo mai saye. Kawu ya sa aka jawo ta aka shigar da ita kangon bakin lungu, ya yi mata rumfar kwano, ya sa ƙyaure.

Bayan an yi arba'in ya aiko a kira ni. Na tarar ya buga lotsawar ya sa fitila. Ya ce ya duba sandunan da ya sa, ya juya su ya sake juyawa, bai ga komai ba.

Na ce, "To alhamdu lillahi, Kawu."

Ya ce, "Ƙarfe a tsaye yakan yi ƙarya. Ɗauki makulli."

Ya cire takalmi.

Tun daga Dala har muka fita gari motar nan kamar an ja layi. Kawu na gefena ido a rufe. Muka wuce Dawanau. Na hango darbejiyar daga nesa, har da sabon tabo a jikinta. Muna matsowa na ji sitiyari ya yi nauyi a hannuna, hancin motar ya soma leƙawa dama. Ban murɗa ba, na rantse a lokacin ban murɗa ba. Na fizgo ta da ƙarfi muka wuce, tayar dama na watsa tsakuwa.

Ya ce, "Tsaya."

Ya fita ba takalmi ya zauna a ƙasa a bakin titi. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Ni ne ke nan."

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya haƙura ya rayu da shi. Sai dai Kawu ne. Ya cire sandunan ya tsoma su a gwangwanin giris ya rufe, ya sa wasu. Muka koma. Ta ja. A daidai wurin, ba gaba ba baya. Ya dawo gida fuskarsa ta kasa zama ɗaya, don in ba sandunan ba ne to ba hannunsa ba ne, amma in ba su ba ne mene ne? Ya sauya robobin ƙafa. Ta ja. Ya sauya shokozoba, masu tare girgiza. Ta ja. Ya kwance akwatin sitiyarin gaba ɗaya ya sa wani da ya sha wahala kafin ya samo. Ta ja. Har ya je da kwalbar ruwa ya kwantar a kan kwalta don ya ga ko titin ne ya karkata, ya tarar bai fi ko'ina karkata ba. Duk abin da ya cire ba ya yarwa, sai ya shafe shi da giris ya rataye a kango. In ka shiga da rana sai ka ga ƙarafa na reto a inuwa kamar rumfar mahauta.

Haka muka yi shekaru. Wani lokaci sau ɗaya a shekara, wani lokaci fiye. Ko'ina ka kai motar nan lafiya lau take, na kai ta hanyar Zariya, na kai ta hanyar Gwarzo, har sakin sitiyari nake yi ina tafa hannu. Sai wurin nan kaɗai.

Gwaggo, ƙanwar Kawu, ta taɓa zuwa da rubutu a galan ta ce a yayyafa. Na zaci zai kore ta. Sai ya ce, "To. Amma yau ba zan taɓa komai ba, rubutun muke gwadawa." Ta yayyafa har cikin but. Muka je muka dawo, tana zaune a zaure tana jira.

Ta ce, "Yaya?"

Ya ce, "Ta ja. Sai dai ta fi ƙamshi."

Gwaggo ba ta sake yi masa magana ba sai da aka yi salla.

Rigimar da ta fi ita ce tasu da Inna. Inna ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta ba tun yana raye, kunyar ɗan fari, sai dai ta ce "yaron nan". Bayan rasuwarsa ta daina bi ta bakin lungu. Ko unguwa za ta, sai ta zagaya ta bayan gida ta bi ta wajen maƙera, hanya mai nisa, don kada ta ga jan fenti ta ramin ƙyaure. Wata Juma'a ta aika aka kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ta ce su zo lokacin da maza ke masallaci. Allah ya sa Kawu ya dawo da wuri. Ya tarar sun ɓalle ƙyaure suna ɗaura igiya. Sai ya tattara babbar rigarsa ya hau kan hancin motar ya zauna. Suka kwance igiyarsu suka tafi.

Ina wurin. Inna ta fito har zaure, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a bayan labule.

Ta ce, "Malam, ni na haifi yaron nan, kuma na haƙura. Kai me kake tonowa?"

Ya ce, "Ke an ce miki Allah ya karɓi abinsa. Ni ban sani ba ko ni na miƙa."

Ta ce, "In ka gano kai ne fa?"

Ya ce, "Sai in san abin da nake neman gafara a kansa."

Ta ce, "In ba kai ba ne, zai dawo?"

Ta saki labulen. Wata guda tana aiko masa da abinci ba ta kawowa da kanta.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa Kawu ba, don ba a tambaye ni ba, kuma don ban san yadda ake faɗinsa ba tare da an yi min dariya ba. Duk zuwan da muka yi, akwai mutum zaune a gindin darbejiyar. Ya ba titi baya, farar riga, farar hula. Ba tire a gabansa, ba keke, ba fartanya, ba dabba. Zuwan farko na ce manomi ne yake hutawa. Na biyu ma haka na ce. Amma wane manomi ne da farar riga, rani da damina, shekara da shekaru, kuma bai taɓa waiwayowa ba ko da taya ta watsa masa tsakuwa? In mun juyo za mu koma gida nakan kafe idona a kan kwalta har mu wuce, don haka ban san ko yana nan a dawowa ba. Kawu kuwa idonsa a rufe yake. Ni mutum ne mai surutu, duk Dala an sani, an taɓa fitar da ni daga wurin ɗaurin aure saboda baki. Wannan kaɗai na iya riƙewa.

Daga baya tafiyar ta tsaya. Ƙafafunsa suka kumbura, ni ma bayana ya hana ni tifa, na koma zaman benci ina ba matasa shawarar da ba su nema ba. Hanyar Katsina kuwa ko biki aka yi ta can sai in ce ina da mura. Na ɗauka an gama. Sai bara, bayan ƙaramar salla, na ga tsofaffin yaransa na gareji, waɗanda su ma yanzu duk sun yi furfura, suna shiga kango suna fita kwana da kwanaki, shi yana kan kujera yana nuni da sanda. Na tambaya aka ce share-share ne. Ran nan da safe ya aiko.

Ya ce, "Direba, ɗauki makulli."

Na ce, "Kawu, ni da kai yanzu in an tare mu a titi ai gidan tarihi za a kai mu, har motar."

Ya ce, "Cire min takalmi, ba na iya sunkuyawa."

Shigarmu motar kaɗai sai da aka taru. Aka naɗe shi aka saka, ni ma aka tura ni. Muka fita ta cikin 'yan adaidaita sahu suna leƙo mu ta sama suna dariya.

Kawu ba ya magana a wurin gwaji, ko tari ba ya so. Ran nan kuwa muna fita gari, ido a rufe, sai ya ce, "Wai ni kam, da gaske ne ka taɓa juye yashi a gidan da ba nan aka aike ka ba?"

Na ce, "Kawu, maganar nan ta mutu tun tuni."

Ya ce, "An ce rumfar biki ka rufe."

Na ce, "Gefen rumfa ne. Kuma kwatancen da aka yi min ne ba daidai ba."

Ya ce, "An ce sai da aka tono makaɗi."

Na ce, "Ƙarya ne, kalangunsa aka tono. Shi ya tsere tun da ya ji ƙarar bodin tifa yana ɗagawa."

Ya ce, "Ni dai uwarka ta zo min tana kuka, ta ce in karɓe ka a gareji. Na ce mata ina da mutunci a garin nan."

Nan na hau. Na shiga kare kaina, ina kawo shaidu, yawancinsu sun mutu. Titin duk ya sauya min, an faɗaɗa shi ya zama biyu, shaguna da gidajen mai sun cike inda na sani gonaki ne. Ina magana ina ɗan duban gaba ina jiran darbejiya ta ɓullo in shirya hannuna. Ba ta ɓullo ba. Ina cikin bayanin yadda uban amarya ya yafe min, sai ya ce, "Tsaya."

Na ce, "Ba mu kai ba."

Ya ce, "Mun wuce tun kana tono kalangu. Akwai kwalbati kafin wurin, na ji shi a ƙafata. Shi ba su taɓa shi ba."

Na gangara gefe na kashe mota. Na waiwaya. Ba bishiya, ba kututture, sai wani shagon sayar da siminti.

Ya ce wani ɗan garuwa ɗan ƙauyen wurin ne ya gaya masa masu aikin titi sun sare ta. Ya ce, "Fita ka leƙa ƙasa."

Na fita da ƙyar na durƙusa. Na ga sandunan nan da na sani, waɗanda suka yi shekaru a gwangwanin giris. Na ga tsohon akwatin sitiyari. Duk abin da ke rataye a kango ya koma mazauninsa.

Ya ce, "Yadda na ba shi ita ran nan, haka take yau. Ban da tayoyi da robobi, su ƙasa ta ci."

Na ce, "Kawu, da ta ja fa?"

Ya ce, "Da ubangidanka ya samu mai wanke masa mota."

Sannan ya buɗe ido. Ya ce ya daɗe yana jin wani abu: kafin motar ta ja, numfashina ne ke fara tsayawa. Ya ce ya sauya komai a motar nan, abu biyu ne bai taɓa sauyawa ba, ni da bishiyar. Inda ido ya kafe, hannu yakan bi shi a hankali, mai hannun bai sani ba.

Na ce, "To me ya hana ka sa wani direban tun tuni?"

Ya ce, "In saka ɗan wani a motar nan?"

Na ce, "Ni ba ɗan wani ba ne?"

Ya ce, "Kai yayata ta bar min kai. Kuma ba wanda zai yi asara sosai."

Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin haƙoransa na ciki ba sai ran nan. Ya ɗaga tafin hannunsa biyu ya dube su kamar baƙin da suka dawo daga tafiya. Na ce ko mu juya mu sake bi, yanzu da na san wurin, don a tabbatar. Ya ce a'a, an gama.

Da muka dawo bai tsaya a zaure ba, ya sa na riƙe shi har tsakar gida. Inna na tankaɗe. Ya ce, "Ba ni ba ne." Ba ta ɗago ba, ta ce, "Na ji. Zauna ka ci abinci." Ya ce in tana so ta kira 'yan gwangwan ɗinta. Ba ta kira su ba. Washegari aka gan ta ta fito ta bakin lungu, ta tsaya a ƙofar kango ta ɗan jima, sannan ta wuce unguwarta. Shi kuwa daga ran nan bai sake tambayar makullin ba. Ya yi ƙiba kaɗan. Ya koma zama a ƙofar gida yana tsokanar 'yan garuwa, har ciwon ajali ya zo, bai wahalar da shi ba.

Maganar makara, na bi ta yadda ya koya min. Na ce ido ne, masu ɗauka ne suka kalli kango hannunsu ya bi. Na bi su ɗaya-ɗaya na tambaya. Kowa ya ce shi ƙasa yake kallo, biyu daga ciki ma baƙi ne daga Kabara, ba su san da wata mota ba. Ni ma ƙasa nake kallo. Kuma wannan gwaji ne da ba a maimaitawa, balle a sauya abu ɗaya a sake fita. Na bar shi nan.

Allah ya yi wa Kawu rahama, ya miƙar masa da hanya yadda ya miƙar wa bayin Allah tasu, ya sada shi da yaron nan. Wanda ya karanta ya ce amin.

Saura abu ɗaya da na tsallake. Ran nan a bakin titi, bayan ya gama dariya ya share fuska, na ta da mota zan juya. Sai ya dafa min hannu a kan giya. Yana kallon shagon simintin ta madubi, muryarsa ta koma ƙasa.

Ya ce, "Kai kana kallon bishiyar ne don a nan ya rasu. To shi fa? Ran nan ba wanda ya taɓa mutuwa a wurin. Me yake kallo?"